Korg MS-20 mini: sarrafa bibrato da wayoyi, abin da take iyawa da inda ta gaza

Wanda ya saba da fiyanon sutudiyo irin su Yamaha PSR, inda sautin sarewa ko goge yake zuwa da karkarwarsa a shirye, zai sha mamaki ranar da ya fara zama gaban Korg MS-20 mini, na'urar kiɗa mai madannai da ke haɗa sauti da lantarki. Zai tura wilin da ke hagun madannai sama, ya dawo da shi ƙasa, sauti ko gezau. Lafiyarta ƙalau. Haka aka ƙera ta, wilin ba ya haɗe da komai a ciki har sai mai kiɗa ya ɗauki waya ya kai shi inda yake so. Wannan sharhi a kan abu ɗaya ya tsaya, wato bibrato, karkarwar nan da murya ko tsirkiya take yi idan an riƙe sauti, da kuma yadda ake bi da siginar sarrafawa a wannan na'ura har karkarwar ta zama tana jin maganar mai kiɗa.

Korg ta fitar da MS-20 mini a 2013 a matsayin kwafin MS-20 ta 1978, an rage girmanta zuwa kashi 86 cikin ɗari na asali, kuma injiniyoyin da suka ƙera ta farkon, Fumio Mieda da Hiroaki Nishijima, su suka sa ido a kan aikin. Sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda. Tana da osileta biyu masu samar da sauti, filta biyu masu tace shi waɗanda ke bin tsarin farko na Korg 35, madannai 37 ƙanana, da allon ramuka a hannun dama. Ramukan na milimita 3.5 ne maimakon manyan na 6.35 da ke jikin ta asali, ana kuma haɗo ta da wayoyi goma da adafta mai bolt 9. Nauyinta bai kai kilo biyar ba.

Bibrato mai rai abu uku yake nema: gudunsa, zurfinsa, da lokacin da zai shigo. Gudun da kunne ya saba ji a bakin mawaƙa da masu goge yana tsakanin sau biyar zuwa bakwai a daƙiƙa. Ƙasa da huɗu sai ya koma kamar faifan da ya lanƙwashe, sama da takwas kuma sai ya zama rawar ɗari. Zurfi ana auna shi da sent, inda sent 100 suke rabin mataki, wato tazarar madanni da maƙwabcinsa, 1200 kuma oktab guda. Sent 15 zuwa 25 sama da ƙasa sun isa yawancin waƙoƙi. Na ukun shi ne wanda na'urori da yawa suke faɗuwa a kansa. Mai goge ba ya fara sauti da karkarwa, yana kafa shi tsaye tukuna, sannan ya shigo da ita a hankali idan sautin ya yi tsawo. MS-20 mini ta ƙware sosai a kan na biyu da na uku. A kan na farko kuwa hannunta a ɗaure yake, za mu zo wurin.

Tushen karkarwar shi ne sashen da aka rubuta wa MODULATION GENERATOR, a taƙaice MG. Osileta ce mai tafiyar hawainiya, daga kusan 0.1 Hz zuwa 20 Hz, wato yawan zagayen da take yi a daƙiƙa, kuma guda ɗaya tak ce a duk na'urar. Tana da mamurɗai biyu, ɗaya na gudu ɗaya na siffar igiyar, da ramukan fita biyu a allo. Rami na farko yana ba da siffar alwatika idan mamurɗin siffa yana tsakiya daidai, idan aka karkata shi hagu ko dama sai ta koma haƙorin zarto. Wannan sigina tana lilo ne tsakanin bolt 2.5 sama da sifili da 2.5 ƙasa da shi, saboda haka tsakiyar sautin ba ya gocewa. Rami na biyu na siffar murabba'i ne, yana tsalle daga sifili zuwa bolt 5, ba ya sauka ƙasa da sifili. Don bibrato, na farkon ake so, kuma a tabbata mamurɗin siffa yana tsakiya. Ko kaɗan ya karkata, za a ji sautin yana hawa da sauri yana sauka a hankali, ko akasin haka, kamar mai ɗingishi. Babu siffar lanƙwasa mai santsi a nan, alwatika ce iyakar abin da za a samu, amma a zurfin sent 20 da wuya kunne ya kama kusurwar.

Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar waya ko ɗaya. A ƙarƙashin osileta akwai mamurɗai biyu na FREQUENCY MODULATION, ɗaya MG/T.EXT ɗaya EG1/EXT. Ka ɗan ɗaga na farkon, karkarwa ta samu. Sai dai wannan karkarwa ba ta san dogon sauti ba, ba ta san gajere ba, daga farkon waƙa har ƙarshe zurfi ɗaya take yi, kuma gajerun sautuka masu gudu suna fita kamar ba a saita su daidai ba, domin kowanne yana faɗowa ne a wani wuri daban na lilon. Bayan minti ɗaya kunne ya gaji.

Akwai kuma matsalar lissafi da ya kamata mai saye ya sani tun wuri. A ma'aunin bolt ɗaya kowace oktab, rabin mataki milibolt 83 ne, sent 20 kuma kusan milibolt 17. MG tana fitar da bolt 2.5 kowane gefe. Ke nan sai an rage ta kusan sau 150 kafin ta zama bibrato na hankali. Duk wannan ragi a wuyan mamurɗi ɗaya yake, wanda aka yi wa lamba daga 0 zuwa 10, shi ya sa wurin da ke da amfani ɗan tsito ne can kusa da sifili. Taɓawa kaɗan ta wuce, sai ka ji jiniyar motar asibiti. Wannan ba aibin MS-20 kaɗai ba ne, yawancin na'urorin analog na wancan zamani haka suke, tun da mamurɗi ɗaya aka ɗora wa aikin karkarwa mai laushi da kuma tsallen oktab-oktab. Amma a nan mamurɗan ƙanana ne, suna kuma ɗan yin lilo a kan sandarsu, don haka sai an bi da haƙuri.

Maganin matsalar farko, da ɗan sauƙin ta biyun, yana ƙasan allon ramuka, a wani ɗan sashe da aka rubuta wa VCA, mai ramuka uku: IN, OUT da CONTROL INPUT. Kada a rikita shi da babban VCA da sauti yake bi kafin ya fita. Wannan na sigina ne. Aikinsa kamar famfo yake: abin da ka zuba ta IN zai fito ta OUT gwargwadon yadda boltejin da ke CONTROL INPUT ya buɗe shi, daga sifili a rufe zuwa bolt 5 a buɗe gaba ɗaya. Abin da ya sa wannan sashe ya cancanci yabo shi ne Korg ta riga ta haɗa EG1, sashen da boltejinsa yake hawa idan an danna madanni ya sauka idan an saki, da CONTROL INPUT ta ciki. Muddin ba ka soka komai a ramin ba, EG1 ce ke riƙe da shi. Ita kuwa EG1 mamurɗai uku gare ta, DELAY TIME, ATTACK TIME da RELEASE TIME, wato jira, hawa, da sauka bayan an saki madanni. Da gani ka san don jinkirtaccen bibrato aka tsara ta.

Haɗin waya biyu ne kawai. Ta farko daga ramin alwatika na MG zuwa IN na ƙaramin VCA. Ta biyu daga OUT ɗinsa zuwa ramin TOTAL da ke saman allo. Da zarar waya ta shiga TOTAL, sai ta yanke MG daga mamurɗin MG/T.EXT ta maye gurbinta da abin da ka kawo. Yanzu a mayar da EG1/EXT sifili, a mayar da MG/T.EXT na filtoci biyun sifili su ma, sannan a fara saiti.

Tsarin saitin yana da muhimmanci, kuma zurfi ake fara yi kafin gudu. A sa DELAY da ATTACK a sifili, a haɗa na'urar saita sauti, ko ta waya ce ta isa, a rage gudun MG zuwa can ƙasa yadda allurar za ta iya bin sa. A danne madanni ɗaya a riƙe, a rinƙa ɗaga MG/T.EXT kaɗan-kaɗan har allura ta rinƙa kaiwa sent 20 sama ta dawo sent 20 ƙasa. Daga nan kada a sake taɓa wannan mamurɗi. Sai gudu. A kunna metronom a bugu 90 a minti, a ɗaga gudun MG har karkarwa huɗu su cika bugu ɗaya, wannan shi ne 6 Hz daidai. Idan waƙar mai sanyi ce, bugu 75 da karkarwa huɗu zai ba da 5 Hz. Ba dole ne bibrato ya yi daidai da bugun waƙar ba, hasali ma ya fi daɗi idan bai yi ba. Metronom ɗin ma'auni ne kawai.

Sai a zo kan EG1, inda yawancin ɗanɗanon yake. DELAY ya kamata ya ɗan fi tsawon gajerun sautukan waƙar, domin su wuce tsaye babu karkarwa. A waƙa mai bugu 100 a minti, bugu ɗaya daƙiƙa 0.6 ne, don haka jira na kusan rabin daƙiƙa zai bar duk sautin da bai kai bugu ɗaya ba ya fita a miƙe. ATTACK tsakanin rabin daƙiƙa zuwa ɗaya yana sa karkarwar ta kumburo maimakon ta faɗo kwatsam. Bayan ta kai ƙololuwa, EG1 tana tsayawa a nan muddin yatsa na kan madanni.

RELEASE ne mutane suka fi mantawa, kuma kuskurensa iri biyu ne. Idan ya yi tsawo, ka saki madanni ka danna wani da sauri, sabon sautin zai tarar da famfon bai gama rufewa ba, ya fara da karkarwa tun daga baki, jiran da ka saita ya tashi a banza. Idan kuma ya zama sifili alhali EG2, wadda ke riƙe da ƙarfin sauti, tana da doguwar sauka, to wutsiyar sautin za ta miƙe tsaye nan take da ka ɗaga yatsa, kunne kuma yana kama wannan. Abin da ya fi dacewa shi ne RELEASE na EG1 ya zama kusa da na EG2, ya ɗan gaza shi kaɗan. Akwai kuma halin madannan kansu: idan ka danna sabon madanni kafin ka saki na baya, ba a sake tayar da EG1, saboda haka karkarwar za ta bi ka cikin sabon sautin. Wannan alheri ne ga wanda ya gane shi. Kana son jimlar kiɗa ta ci gaba da karkarwa, sai ka haɗe sautukan. Kana son ta fara sabo, sai ka ɗaga yatsa gaba ɗaya. Yatsun hannun dama kaɗai sun ba ka iko a kan lokacin shigowarta ba tare da ka taɓa komai ba.

In sauti ya rinƙa hawa sama duk lokacin da bibrato zai shigo, EG1/EXT ne ba a mayar sifili ba, domin EG1 tana haɗe da tsayin muryar osileta ta ciki ta wannan mamurɗi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wannan haɗi. Amma wanda hannunsa ya faɗa zai iya cin moriyarsa. Mai jita idan yana karkaɗa tsirkiya, sama kawai sautin yake zuwa daga inda aka danne, ba ya sauka ƙasa. Ka ɗaga EG1/EXT ɗan mitsitsi har tsakiyar sautin ta hau sent 20 daidai lokacin da karkarwar ta cika, sai ƙasan lilon ya zauna a kan ainihin sautin, samansa ya kai sent 40. Ana jin bambancin sosai a kan sautin da aka yi wa kaushi da filta. Saitin yana da wahala saboda ƙanƙantar wurin, amma yana biyan wahalarsa.

Jinkirtaccen bibrato duk kyansa na'ura ce take yanke hukunci, kowane dogon sauti irin kumburin da na baya ya samu shi zai samu. Don mayar da hukuncin hannun mutum, sai waya ta uku: daga ramin wili zuwa CONTROL INPUT. Shigarta tana cire EG1 daga kan famfon. A nan akwai abin da ke rikita sababbi. Wilin yana fitar da bolt 5 ƙasa da sifili idan yana can ƙasa, sifili a tsakiya inda yake da ɗan maƙale, bolt 5 sama da sifili a can sama. Ƙaramin VCA kuwa daga sifili zuwa sama kaɗai yake ji. Ke nan rabin tafiyar wilin na ƙasa matacce ne, bibrato yana farawa ne daga tsakiya. Wanda ya saba da Moog, inda ƙasa take nufin a kashe, zai ga kamar an cuce shi rabin wili, kuma da gaskiyarsa, domin ɗan abin da ya rage gajere ne ga babban yatsa. Abin da zai rage zafin shi ne a saita zurfin ƙarshe da wili a can sama, a bar shi wajen sent 35 zuwa 40, yadda ko an tura shi gaba ɗaya cikin zafin kiɗa ba za a wuce gona da iri ba, rabin hanya kuma ya ba da zurfin yau da kullum. Ta haka an raba aikin ragin nan na sau 150 tsakanin mamurɗi da wili.

Wili ɗaya ne, ba shi da sifirin da zai dawo da shi tsakiya. Idan ka ba shi aikin bibrato, ka rasa lanƙwasa sauti. A ganina a nan ne ɗan maɓallin da ke kusa da wilin yake nuna amfaninsa, kuma haɗin da ya fi kowanne kyau a wannan na'ura shi ne mai waya huɗu. MG zuwa IN, OUT zuwa TOTAL, kamar da. A bar CONTROL INPUT babu komai domin EG1 ta ci gaba da riƙe shi. Waya ta uku daga ramin maɓallin zuwa TRIG IN na EG1, wanda zai raba EG1 da madannai ya miƙa ta ga maɓallin. Ta huɗu daga wili zuwa ramin FREQ na osileta, wanda yake cire EG1 daga mamurɗin EG1/EXT ya sa wili a madadinta. A mayar da DELAY sifili, tun da yanzu kai ne jiran. Ka danna maɓalli, karkarwa ta kumburo da gudun ATTACK, ka saki ta lafa da gudun RELEASE. Wilin kuma a saita shi da na'urar saita sauti: a tura shi can sama, a ɗaga EG1/EXT har sautin ya hau sent 200. Babban yatsa a kan wili, manuniya a kan maɓalli, hannun hagu ɗaya ya riƙe lanƙwasa da karkarwa duka. Wannan haɗi yana kuma kashe matsalar hawan sauti da aka ambata, tun da EG1 ba ta da sauran hanya zuwa tsayin murya.

Zaɓi tsakanin TOTAL da FREQ ba ƙaramin abu ba ne. TOTAL ba osileta kaɗai yake ciyarwa ba, har da mamurɗan MG/T.EXT na filtoci biyun. Idan ka ɗan ɗaga na filtar da ke yanke kaifin sauti, hasken sautin zai rinƙa buɗewa yana rufewa tare da hawa da saukarsa, kuma duka biyun za su kumburo lokaci guda. Haka kayan busa suke yi, karkarwarsu ba a tsayin murya kaɗai take ba. Kaɗan ake so, musamman idan PEAK, mamurɗin da ke ƙarfafa sauti daidai inda filta take yankewa, yana sama, domin filtar MS-20 ba ta da kunya, da ka ba ta fuska sai ta fara kuka. Idan kuwa kana son filta ta ci gaba da lilonta ba tsayawa alhali bibrato yana shiga yana fita, sai ka kai OUT zuwa FREQ ka bar TOTAL a buɗe, zurfin ya koma hannun EG1/EXT.

Ramin da ba a kai bibrato shi ne VCO 1+2 CV IN, ko da yake sunansa yana jan hankali. Dalili biyu ne. Soka waya a nan yana yanke madannai daga osileta gaba ɗaya. Sannan MS-20 tana bin tsarin Hz kowane bolt ne a wannan rami, ba bolt ɗaya kowace oktab ba. Ko da ka sami mahaɗi na waje ka gauraya siginar madannai da ta MG, karkarwar za ta zama adadin Hz ɗaya a ko'ina. Hz 5 a kan sautin 440 kusan sent 20 ne, daidai. A kan 110 ya kai sent 77, ya yi muni. A kan 880 bai wuce sent 10 ba, da kyar za a ji. TOTAL da FREQ suna bi ta da'irar da ke ninka adadin Hz maimakon ƙara masa, shi ya sa zurfinsu yake zama ɗaya daga ƙasan madannai har sama. Wannan kuma shi ne ya hana a yi wa osileta ta biyu kaɗai bibrato cikin sauƙi, domin ramin da take da shi nata na kanta, VCO 2 CV IN, irin wancan ne.

Ramin murabba'i na MG yana da nasa aiki. Ka kai shi IN a madadin alwatika, sautin zai rinƙa tsalle tsakanin ainihinsa da wani na sama, kuma da yake siginar ba ta sauka ƙasa da sifili, sautin ƙasa yana nan daram. Ka saita tazarar da MG/T.EXT zuwa sent 100 ko 200, ATTACK a sifili domin kada tazarar ta rinƙa buɗewa a hankali ta bi ta sautukan da ba na waƙar ba. Akwai kuma REV OUT na EG1, wanda idan aka kai shi CONTROL INPUT yake juya lamarin, sauti ya fara da karkarwa sannan ya natsu.

Yanzu ga inda take gazawa, kuma gazawar ta gaske ce. Gudun MG ba shi da ramin sarrafawa. Babu wata sigina a duk allon da za ta iya sa shi ya ƙaru ko ya ragu, sai dai hannu a kan mamurɗi. Mawaƙi idan ya riƙe sauti yakan fara karkarwa a hankali ya ƙara mata gudu yayin da take zurfafa, kuma wannan ba zai samu a nan ba sai an kawo osileta mai jinkiri daga waje an soka ta IN. MG ɗin ba ta kuma komawa farkon zagayenta idan an danna madanni, amma wannan bai dame ni ba, tun da jinkiri yana ɓoye shi. Moog Grandmother ta 2018 ta fi ta a wannan fanni: wilinta a haɗe yake da zurfi tun daga masana'anta, tana da siffa mai santsi, tana kuma da ramin sarrafa gudu.

Ta biyu, madannan ba sa jin ƙarfin bugu, ba sa jin matsin yatsa bayan dannawa. Arturia MiniBrute ta 2012, wadda ta riga ta fitowa da shekara ɗaya, tana da matsin yatsa da osileta ta musamman don bibrato. MIDI ɗin MS-20 mini, wato hanyar da na'urorin kiɗa suke aika wa juna saƙo, ma ba zai cece ka ba, domin ko ta ramin MIDI IN ko ta USB, saƙon danna madanni da sakinsa kaɗai take karɓa, a tasha ta 1. Wilin wani fiyano, lanƙwasarsa, matsinsa, duk ba ta san da su ba. Wanda yake shirin rubuta bibrato a cikin kwamfuta ya aiko mata ya sani tun yanzu ba zai yiwu ta wannan hanya ba.

Wata hanya ta toshe wannan gibi ita ce Arturia KeyStep, ƙaramin fiyano mai sarrafa wasu na'urori. Madannanta suna jin matsi, tana kuma da ramin fita mai suna Mod wanda ake iya sa shi ya bi matsin yatsa ta manhajar MIDI Control Center. A kai sautuka ta wayar MIDI zuwa MIDI IN, wanda zai kawar da duk rigimar Hz da bolt, a kai Mod zuwa CONTROL INPUT da waya mai milimita 3.5, a tsayar da iyakar boltejinsa a 5. Daga nan ƙara danna madanni shi ne ƙara karkarwa, wili ya koma lanƙwasa, EG1 da maɓalli su sami 'yanci don wani aikin. Sai ka ga kamar wata na'ura ce daban.

Akwai wata hanya ta cikin gida da ba a cika kula da ita ba, sashen EXTERNAL SIGNAL PROCESSOR da ke ƙasan allo. Yana karɓar makirufo ko jita, yana kuma da rami mai suna ENV OUT da ke fitar da bolteji gwargwadon ƙarfin abin da ya ji. Ka kai ENV OUT zuwa CONTROL INPUT, ka hura iska a makirufo ko ka yi gunji a hankali, zurfin bibrato zai bi numfashinka. A saita SIGNAL LEVEL yadda hurawa mai ƙarfi ce kaɗai za ta kai ƙololuwa. A ɗakin da lasifika ke tashi wannan ba ya aiki da kyau, domin makirufon zai ji sautin na'urar ya buɗe famfon da kansa, sai da abin sawa a kunne.

Ta uku cikin gazawar, babu ramin raba sigina gida biyu, babu mahaɗi, babu abin rage ƙarfi mai zaman kansa. Idan kana son fitar ƙaramin VCA ta tafi TOTAL ta kuma tafi INITIAL GAIN domin ƙarfin sauti shi ma ya ɗan yi rawa, sai ka sayi waya mai hawa kan 'yar'uwarta ko ɗan akwatin rabawa. Korg da kanta ta ƙara ramukan rabawa a MS-20M, wani samfurin da ta fitar daga baya, alamar ta san da gibin. A lura INITIAL GAIN ba shi da mamurɗin rage zurfi, kuma abin da ka ba shi ƙari ne a kan EG2, don haka MG kai tsaye a wannan rami tana sa sauti ya rinƙa leƙowa ko ba a danna komai ba. Ta cikin ƙaramin VCA ne kawai zai yi shiru bayan an saki madanni.

Wajen ƙira, jikin ƙarfe ne mai kyau, madannan kuwa sirara ne masu sauƙin nauyi, ba za su burge wanda ya saba da manyan fiyano ba. Tana da ɗan huci a bayan sauti wanda ake ji idan an rufe filta sosai. A ba ta kamar minti goma sha biyar bayan kunnawa kafin a auna sent, domin osileta na analog suna ɗan gocewa har su ɗumama, kuma wanda ya saita zurfi a kan sautin da bai zauna ba zai sake aiki. Ramuka sama da talatin a buɗe suke suna kallon ɗaki, don haka lokacin hunturu mayafi wajibi ne. Ƙura a cikin rami tana hana maƙullin ciki komawa bayan an zare waya, sai ka ga EG1 ta ƙi komawa kan ƙaramin VCA ko MG ta ƙi komawa mamurɗinta, a yi ta zargin na'ura alhali soka waya da zarewa sau da yawa, ko ɗan feshin wanke mahaɗan lantarki, ya isa. A kuma yi amfani da wayoyi masu zobe ɗaya irin waɗanda ta zo da su.

Wanda yake son ya kunna ya hau dandamali da bibrato a ƙarƙashin yatsa, babu waya babu lissafi, MS-20 mini ba tasa ba ce, kuma babu ma'ajiyar saiti da za ta tuna masa haɗin jiya, sai dai ya ɗauki hoton allon. Wanda kuwa yake aikin sutudiyo, yana son ya yanke wa kowane dogon sauti lokacin da zai fara karkarwa da yadda za ta lafa, zai sami iko a nan fiye da abin da na'urori da yawa masu tsada suke bayarwa, albarkacin ƙaramin VCA ɗin nan da EG1 mai jira. Ya sa kuɗin waya biyu masu rabawa da ɗan abin rage ƙarfin sigina guda ɗaya a cikin lissafinsa tun farko. Idan an sa abin ragin tsakanin OUT da TOTAL, wurin amfani na MG/T.EXT yana faɗaɗa daga ɗan tsiton nan zuwa kusan rabin mamurɗi. KeyStep za ta iya jira har sai maɓalli da wili sun fara yi masa kaɗan.